Injin esfireso a garin da wuta ba ta zama

A watan Fabrairun 2025 farashin gahawar Arabika a kasuwar Niyok ya haura dala 4 kan fam ɗaya na awo, wato giram 454, abin da bai taɓa faruwa ba, bayan fari ya taɓa gonakin Burazil da Biyetnam. Tun daga nan, in ana hirar sabbin shagunan gahawa a Abuja ko Kano ko Legas, maganar ba ta wuce tsadar ƙwayar ba. Wannan hange ne daga nesa kawai. Ƙaramin kofin esfireso irin na Italiya giram 7 na gari yake ci, mai ninki biyu na zamani kuwa kamar giram 18. Abin da ke cinye jarin sabon shago shi ne injin da aka ɗora a kan kanta, da wutar da yake sha, da ruwan da ake ba shi, da kwanakin da zai yi a kwance ana cigiyar mai gyara.

Aikin injin kansa ba shi da wuyar fahimta. Yana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin garin gahawa da aka danne, da ƙarfin bar 9, kusan ninki huɗu na iskar da ke cikin tayar mota, a cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ana auna girmansa da yawan bakunan da yake tatsa da su. Mai baki biyu ya ishi yawancin sabbin shaguna, kuma sa'ar da ta fi cunkoso ake dubawa wajen yanke shawara, ba jimillar kofunan yini ba. Akwai mai tukunya ɗaya wadda ke ba da tururi tana kuma ɗumama ruwan tatsa a cikin bututu, akwai mai tukunya biyu da ya fi riƙe zafi daidai kuma ya fi tsada. Injin niƙa dabam ake saye, kuma wanda ya zuba kuɗinsa duka a babban inji ya tsuke hannu a na niƙa ya yi asarar su biyun.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne cewa esfireso ya girmi famfon lantarki. Angelo Moriondo ya yi rajistar injin tururi na dafa gahawa a Turin a 1884. Luigi Bezzera na Milan ya gyara fasahar a 1901 yadda za a riƙa tatsa kofi ɗaya ɗaya, ya baje ta tare da Desiderio Pavoni a kasuwar baje koli ta Milan a 1906. Waɗannan injuna tururi ne ke tura ruwansu, ƙarfinsu bai wuce bar 2 ba, kuma zafinsu kan ƙona gahawar ta yi ɗaci.

Wanda ya warware matsalar mai shagon gahawa ne a Milan, Achille Gaggia. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, ya yi rajistar inji mai doguwar sanda da sifirin. Mai aiki zai ja sandar ƙasa, sifirin ya matse, ruwan zafi ya shiga wani ɗan rami a saman garin; da ya saki, sai sifirin ya tura fistin da ƙarfin da ya kai bar 8 zuwa 10. Daga nan kumfar nan mai ruwan ƙasa da ke saman kofi ta samo asali, wadda a yau ake ɗauka ita ce shaidar esfireso. Famfon lantarki sai a 1961 ya zama ruwan dare, da injin E61 na kamfanin Faema, wanda aka raɗa wa suna saboda kusufin rana da aka gani a Italiya a shekarar. Tukunya biyu kuma kamfanin La Marzocco na Fulorans ya fito da ita a 1970.

Injin sanda bai mutu ba. Har gobe mashayun gahawa da yawa a Napoli da shi suke aiki, kuma mutanen garin ba sa yarda an fi su iya gahawa. Ƙarfin tatsarsa daga damtsen mutum da sifirin yake fitowa, tukunyarsa kuma ana iya hura ta da gas. Kamfanoni irin su Astoria na Italiya da Fracino na Ingila suna ƙera injunan da ke aiki da gas ko da wuta, saboda masu sayar da gahawa a amalanke da motocin talla. Abin takaici ne a ce fasahar da ta fi dacewa da garin da ake ɗauke wuta sau biyar a yini ita ce ba a ko ambata a nan Najeriya, don kawai injin da ke da allo da maɓallai ya fi kyau a hoto. Ba a ce injin sanda ba shi da nasa aibin ba: yana son hannun da ya ƙware, ya fi jinkiri, harshen gas yana ƙara wa ɗaki zafi kuma dole a samu iska mai ratsawa, sannan sandar da aka saki babu gari a ƙarƙashinta tana iya zabura ta bugi haɓar mai aiki.

Lissafin wuta shi ke nuna amfanin wannan tarihi. Injin lantarki mai baki biyu yana jan wat 3,000 zuwa 5,000 idan yana ɗumama tukunya, kamar a jona dutsen guga huɗu lokaci guda, kuma a kunne yake wuni domin tukunyar kan ɗauki wajen rabin sa'a kafin ta daidaita. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta mai da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin sa'a 20 a rana. Wanda ba ya cikin rukunin kuwa janareta zai dogara da shi, kuma ƙaramin janareta ba zai ɗauki inji da firij da na'urar sanyaya ɗaki a tare ba. Wutar da ke hawa da sauka ita ke ƙona allon lantarkin injunan zamani. Mai sayen tsohon inji daga Amurka ya duba farantin da ke jikin injin tukuna, domin wutar can mai hertz 60 ce, ta Najeriya da Nijar mai 50.

Ruwa ya fi wuta yin kisan mummuƙe. Farin ɓawon da ke kama cikin butar mai shayi shi ne ke kama tukunyar inji da siraran bututunta idan ruwan burtsatse yana da gishirin ƙasa da yawa, har ya toshe su. Wasu kan gudu zuwa ruwan da aka tace sarai, nan ma akwai tarko: ruwan da babu ma'adini a cikinsa yana sa gahawa lami, yana cin ƙarfe, kuma sandar da ke gaya wa inji tukunya ta cika ba ta iya jinsa, domin da ma'adinin ruwa take aiki. A kai ruwan shagon a auna shi kafin a zaɓi matata, a kuma auna kafin a biya kuɗin inji.

Saura mai gyara. Robar bakin tatsa tana bushewa cikin watanni, bawul yana yoyo, famfo yana gajiya. Tambayar da ya kamata a fara yi wa dillali ita ce ina kayan gyaran suke, wane ne zai zo, kuma cikin kwana nawa. Injin da aka gina a kan tsarin E61 yana da sauƙi ta wannan fuska, saboda kamfanoni da dama suna amfani da sassa iri ɗaya. Hukumar NBTE da asusun ITF, waɗanda ke da alhakin koyar da sana'o'in hannu, ba su da uzurin barin wannan fage fayau. Yaron da ya iya gyaran firij da famfon burtsatse ya riga ya san rabin aikin. Abin da ya rage masa sanin tukunya mai matsin tururi ne, da bawul ɗin kariya, da yadda ake wanke ɓawo ba tare da an ɓula tagulla ba.