Tabarau na Biliyoyin Dala da Idon Soja

A farkon shekarar 1934 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar kamfanonin da ke jigilar wasiƙu ta sama, ta ɗora wa sojojin sama aikin. Cikin 'yan makonni matuƙa fiye da goma suka mutu, domin ba su saba tuƙi da dare ko cikin hazo ba. Wannan asara ce ta sa rundunar ta waiwayi wani akwati da Edwin Link ya ƙera a 1929 da zugazugin kayan kiɗa na masana'antar mahaifinsa. Mutum ya shiga, a rufe shi, akwatin ya riƙa karkata kamar jirgi, shi kuwa ya koyi dogaro da agogunan da ke gabansa. Guda shida suka fara saya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, matuƙa sama da 500,000 sun bi ta cikin irin akwatin nan.

Ke nan duniyar kwaikwayo da ake ta yayatawa yau ta daɗe a hannun soja, kuma dalilinsu bai canja ba. Sa'a guda a sama da jirgin yaƙi na F-35 tana cin fiye da dala 30,000, ga shi kujera ɗaya gare shi, babu wurin malami. Ranar da matuƙi zai fara tashi da shi, shi kaɗai ne. Duk kuskuren da zai yi, gara ya yi shi a ƙasa, a gaban allo, inda idan jirgi ya faɗi sai a danna maɓalli a sake.

Mataki na gaba ya zo a 1983, lokacin da hukumar binciken tsaro ta DARPA ta fara shirin SIMNET. Aka haɗa na'urorin kwaikwayon tankoki da jirage ta hanyar sadarwa, yadda ɗaruruwan sojoji a barikoki daban-daban za su tsinci kansu a filin daga guda, suna ganin juna. Bayan Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ma an ɗauki wata arangamar tankoki da aka yi a hamadar Iraƙi ranar 26 ga Fabrairu, wadda ake kira 73 Easting, aka sake gina ta cikin kwamfuta. Masu bincike sun yi hira da waɗanda suka fafata, sun bi sawun tankoki a kan rairayi, har da wayoyin makamai masu linzami da suka rage a ƙasa. Saboda haka da Facebook ya sauya suna zuwa Meta a 2021 aka cika duniya da zancen metabas, wato sararin kwamfuta da jama'a da yawa za su shiga tare, sojoji sun riga sun shekara talatin da ɗoriya suna yin hakan ba tare da wannan suna ba.

Wancan duk horo ne. Inda aka sha wuya shi ne fitar da fasahar daga ɗakin horo zuwa fuskar mai yaƙi. A nan ba a rufe ido da duniyar ƙarya, bayanai ake ɗorawa a kan abin da ido yake gani: taswira, inda abokan aiki suke, saitin bindiga, zafin jikin wanda ya ɓuya a duhu. A cikin jirgi abin ya yi aiki. Hular kwanon matuƙin F-35, mai tsadar kusan dala 400,000, tana karɓar hoto daga kyamarori shida da ke jikin jirgin, har idan matuƙi ya sunkuya ƙasa yake hangowa ta tsakanin ƙafafunsa. Amma shi a zaune yake, jirgi na ba shi wuta, an auna hular daidai kansa.

Sojan ƙasa labarinsa daban ne. A 2018 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba Microsoft kwangilar dala miliyan 480 domin ya mayar da tabaransa na HoloLens kayan yaƙi mai suna IVAS. Wasu ma'aikatan kamfanin sun rubuta takardar ƙorafi a 2019, suna cewa ba don ƙera makami suka kama aiki ba, shugabanni suka ce aiki zai ci gaba. A Maris 2021 kwangilar ta kumbura zuwa kusan dala biliyan 22 cikin shekara goma, don tabarau kimanin 120,000. Sai aka kai su gwaji a 2022. Sojoji suka dawo da ciwon kai, da tashin zuciya, da gajiyar ido. Rahoton ofishin gwaji na ma'aikatar tsaron Amurka ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda abin ya dama sun fara jin haka kafin su cika sa'a uku da saka shi. Hasken allon kuma yana iya tona asirin mai shi da dare, nauyinsa na gajiyar da wuya, yana kuma rage abin da mutum ke gani ta gefen ido, alhali da gefen ido soja kan tsinkayi motsi.

Dalilin tashin zuciyar sananne ne. Ƙwaƙwalwa tana gane motsin jiki daga ido da kuma cikin kunne. Idan ka juya kai, hoton ya makara ko da ɗan ƙiftawa ne, biyun sun saɓa, jiki sai ya amsa da jiri, irin na mai karatu a motar haya a hanya mai gargada. Mai wasa a ɗakinsa zai cire ya huta. Wanda ke gudu da kaya a baya ana harbinsa ba shi da wannan dama. Majalisar dokokin Amurka ta ƙi sakin dala miliyan 400 da aka nema don sayen ƙarin tabarau 6,900, ta ba da miliyan 40 a je a gyara. A Fabrairun 2025 Microsoft ya amince ya miƙa ragamar aikin ga Anduril, kamfanin Palmer Luckey, mutumin da ya ƙirƙiro kamfanin tabarau na Oculus ya sayar wa Facebook a 2014 kan dala biliyan 2. A ganina an yi riga malam masallaci: kwangila ta yi gaba tun kafin a tabbatar wuyan soja da idonsa za su ɗauka.

Akwai wani amfani da ba a cika maganarsa ba. A Jami'ar Kudancin Kalifoniya, masanin halayyar ɗan Adam Skip Rizzo ya jagoranci shirin Bravemind domin tsofaffin sojojin Iraƙi da Afganistan da firgicin yaƙi ya hana su barci. Majinyaci yana saka tabarau ya koma titi ko motar sintiri irin wadda abin ya same shi a ciki, likita na ƙara ƙarar fashewa da girgiza da warin dizal kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ba da labari, har tsoron ya fara sakinsa.

Tabaran da suka sauya yaƙi a zahiri kuwa ba daga wata babbar kwangila suka fito ba. A Yukiren, tun bayan mamayar Rasha ta 2022, sojojin ɓangarorin biyu suna amfani da na 'yan wasan tseren ƙananan jirage marasa matuƙi. Soja na zaune a rami, idonsa na kallo ta kyamarar jirgin da kuɗinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, ya tuƙa shi da bam har cikin ƙofar tanka ta miliyoyi. Da yawansu a kwamfuta suke fara koyon tuƙin. Ma'aikatar tsaron Yukiren ta ce tana shirin sayen irin waɗannan jirage miliyan 4.5 a 2025. Da kowane ɓangare ya ƙware wajen toshe siginar rediyo, sai aka koma ɗaura wa jirgin siririyar wayar gilashi mai tsawon kilomita goma ko fiye, tana warwarewa a bayansa yayin da yake tafiya, hoton ya isa idon matuƙi babu mai iya katse shi ta iska.