Albasa ta yi ɗorawa: ba kullum yunwar taki ba ce

A kwarin Tarka, daga Karofan ta ƙasar Buza har Sabon Gida ta ƙasar Madawa, albasa ce kuɗin manomi da rani. Haka ma a fadamun Keita. Amma wani lokaci ganye yakan koma ruwan ɗorawa. Mai garka ya ce yunwa ce, ya ci bashi ya sayo takin zamani. Ganye bai farfaɗo ba, ga bashi a wuya.

Sau da yawa laifin ruwa ne. Saiwa tana buƙatar iska kamar mutum. In ruwa ya kwanta a fangali, sai ta ruɓe. In rana ta shanye ruwan, gishirinsa yakan rage bisa ƙasa, fari kamar kanwa. Yawan takin zamani ƙara gishirin yake yi.

Manomi ya tumɓuke albasa guda ya duba. Lafiyayyar saiwa fara ce. In ta yi baƙi tana wari, a rage ban ruwa, a gina magudana. Inda gishiri ya fito, a wanke fangali da ruwan daɗi, a bari ya fice. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi. In saiwa lafiya lau take, a tambayi malamin gona kafin a ɓatar da kuɗi.