Me ya sa dabara ke zuwa bayan an ajiye aiki?

Ka taɓa lura da tela a Jekadafari ko Tudun Wada da aka kawo masa yadi kaɗan, aka ce ya fitar da riga da zani har da ɗankwali? Ya auna, ya juya, abu ya ƙi. Sai ya tafi sallar La'asar, a hanyar dawowa dabarar ta faɗo masa. Ba sa'a ba ce, haka ƙwaƙwalwa take aiki.

Idan ka duƙufa kan matsala, sashen da ke bayan goshinka ne ke riƙe lissafi, yana tace abin da zai yiwu. Sai dai yakan nace wa hanya ɗaya. A 2001, wani masani a Amurka, Marcus Raichle, da abokan aikinsa suka bayyana wasu sassan da ke ƙara himma daidai lokacin da mutum ya saki hankalinsa. Su ne ke tono tsohon abin da ka sani su haɗa shi da sabo. Waɗannan su kawo, na bayan goshi ya tantance.

Barci ma yana da nasa rabon. A 2004, a Jami'ar Lübeck da ke Jamus, an ba wasu mutane lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya. Cikin waɗanda suka yi barcin awa 8, kusan kashi 60 cikin 100 suka gano ta. Waɗanda ba su runtsa ba, ko kashi 25 ba su kai ba.

Nan ne abin ke damun mu masu harhaɗa magunguna. Gab da Sallah, ko lokacin jarrabawa, sai ka ga matashi ya zo yana neman abin da zai hana shi barci, wai don kansa ya buɗe. Wasu har tiramadol suke nema. Tiramadol maganin ciwo ne, ba ya ƙara basira ko kaɗan. Yana kama mutum ya kasa bari, yawansa kuma kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kofi da goro sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Ka sha ƙarfe 5 na yamma, ƙarfe 10 na dare yana nan.

Ke kuma uwa, in yaronki ya cije kan lissafin makaranta har ya fara ƙunci, kada ki tsare shi da faɗa. Aike shi shago, ko ki bar shi ya kwanta, da safe ya sake duba takardar kafin ya karya.