Ƙwallon Turai a Cikin Gida: Daga Rediyo Zuwa Wayar Hannu

Kallon ƙwallon ƙafa na Turai ya shiga cikin abubuwan da ke tsara mako a gidaje da yawa na ƙasar Hausa. Daga watan Agusta zuwa Mayu, Asabar da Lahadi na gasar Firimiya ta Ingila da La Liga ta Sifaniya ne, Talata da Laraba kuma na gasar Zakarun Turai. Wannan jadawali yana taɓa lokacin dawowar maigida, da lokacin cin tuwon dare, da kuɗin da ake warewa bayan cefane, har da wanda zai riƙe rimot a falo. Yadda ƙwallon ke taɓa iyali kuwa ya danganta da na'urar da ake bin wasan da ita, domin kowace na'ura da ta shigo sai ta sauya wurin zaman mai kallo da abokan zamansa.

Zamanin rediyo

Rediyo ce ta fara kawo ƙwallo cikin gida. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma a 1962. Lokacin da Najeriya ta ci Kofin Afirka karo na farko a Legas a 1980, bayan ta doke Aljeriya da ci uku da nema, akwatin talabijin bai yawaita ba, don haka mutane da yawa ta kunne suka bi wasan. Rediyo ba ta buƙatar wutar lantarki, batir ya wadatar, kuma ba ta hana aiki. Tela yana ɗinki yana saurare, uwargida tana tuƙa tuwo tana jin ihun mai sharhi daga zaure.

A wancan lokaci ƙungiyoyin gida ake goyon baya. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Daga baya aka kafa Kano Pillars a 1990, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida, ta kuma ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Zuwa kallonta a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata fita ce ta yamma guda, ana komawa gida wajen magariba.

Gidan kallo

An fara gasar Firimiya a 1992, kamfanin MultiChoice ya shigo Najeriya a 1993, sannan ya fito da DStv a 1995. Abin da ya ɗaure zukatan 'yan Najeriya ga ƙungiyoyin Ingila shi ne ganin nasu a ciki. Nwankwo Kanu, wanda ya jagoranci cin zinaren gasar Olamfik a Atlanta a 1996, ya koma Arsenal a 1999, dubban matasa suka bi shi can. Mikel Obi, haifaffen Jos, ya shiga Chelsea a 2006, ya ɗauki kofin Zakarun Turai da ita a 2012. Manchester United ta tara nata jama'ar a shekarun Alex Ferguson, Real Madrid da Barcelona kuma suka raba unguwanni gida biyu a zamanin hamayyar Ronaldo da Messi.

Kuɗin dish da dikoda da biyan wata-wata sun fi ƙarfin talaka a lokacin, sai aka samu masu kafa gidajen kallo: rumfar kwano ko ta zana, bencina a jere, talabijin biyu ko uku, janareta a waje, da allo a ƙofa da aka rubuta wasannin ranar da alli. Mai shiga yana biyan kuɗin wasa ɗaya. Mai shayi da mai tsire da mai gyaɗa sukan kafa a bakin ƙofa, su ma su samu nasu.

Gidan kallo ya fitar da maza daga gida a daidai lokacin hira. Wasan Zakarun Turai da aka take da ƙarfe tara na dare ba ya ƙarewa sai wajen sha ɗaya, in an shiga ƙarin lokaci da bugun fenareti kuwa sai kusan sha biyu, sannan a tsaya musu a majalisa. Mata suka fara ƙorafin abinci yana hucewa, iyaye kuma suna fargabar inda 'ya'yansu ke kai dare. Fargabar tana da dalili. A watan Yunin 2014 bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana kallon wasan Brazil da Meziko na Kofin Duniya, mutane da dama suka rasu. A Afrilun 2017 kuma wayar wutar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon Manchester United, ta hallaka 'yan kallo. Irin waɗannan abubuwa sun ƙara wa magidanta ƙaimin neman hanyar kallo a gida.

Dish a gida da rikicin rimot

Shigowar StarTimes a 2010 da GOtv a 2011 ta sauƙaƙa kuɗin dikoda, ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa suka iya sawa a ɗakunansu. A Jamhuriyar Nijar Canal+ ce ta fi yin wannan aiki, shi ya sa ake jin sunayen ƙungiyoyin Faransa a hirar Maraɗi da Damagaram fiye da yadda ake ji a Kano. Maigida ya dawo gida ke nan, amma ya dawo da wasan tare da shi, alhali talabijin guda ce.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina sun samu masu bibiya da ba sa son fashi, kuma da dare ake nuna su. Ga finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, ga yara da zane-zanensu masu motsi. Idan babban wasa ya faɗo a daren shirin da uwargida ke jira, dole wani ya haƙura. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, tambayar ɗakin da za a kafa dikoda kan zama batun adalci, domin wadda ke da girki ba za ta so mijin ya raba dare a ɗakin abokiyar zamanta da sunan kallon ƙwallo ba. Shi ya sa magidanta da yawa ke ajiye ta a turaka ko falon kowa da kowa.

Wuta da kuɗi

Dikoda ba ta aiki sai da wuta, kuma ɗauke wuta ana tsakiyar wasa abu ne da kowane mai kallo ya sani. Shekaru da dama ƙaramin janareta ne mafita. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu a wurare da yawa. Kuɗin biyan DStv da GOtv ya ƙaru sau da dama tsakanin 2023 da 2025, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ƙwallo ya koma cikin lissafin gida, yana gogayya da kuɗin makaranta da na gawayi.

Iyalai sun ɓullo da dabaru. Masu hali suna kafa sola da batir, wadda ke ɗaukar talabijin da fanka ba hayaƙi ba ƙara. Wasu suna biyan kuɗin wata ne kawai a watannin da gasa ta yi zafi, su bar dikoda ta huta a Yuni da Yuli. Maƙwabta kan yi karo-karo, ɗaya ya biya kuɗin wata, ɗaya ya sayi mai. Wasu kuma sun koma gidan kallo, domin kuɗin shiga wasa ɗaya bai kai na lita ɗaya ba.

Wayar hannu

Layukan salula sun fara aiki a Najeriya a 2001, amma sai da wayoyi masu araha irin su Tecno da Itel da Infinix suka cika kasuwanni kafin ƙwallo ya koma aljihu. Yanzu matashi yana iya kallon wasa kai tsaye, ya duba sakamako, ya ga ƙwallayen da aka ci a YouTube, ya shiga musu a WhatsApp da Facebook da TikTok, duk yana kwance a ɗaki. Kallon cikakken wasa yana cin data mai yawa da caji, don haka mafi yawa sukan tsaya ga gajerun bidiyo da rahotannin sassan Hausa na kafofin labarai.

Hoton waya yana zuwa a makare. Muryar rediyo kan riga kowa isowa. Hoton dish sai ya hau zuwa tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 ya sauko, ga aikin matse shi da warware shi, don haka yana jinkirin 'yan daƙiƙoƙi. Na intanet kuwa ana yanka shi gunduwa-gunduwa, waya ta tara wasu kafin ta nuna, jinkirin ya kai rabin minti ko fiye. Wannan ne dalilin da mai kallo a waya ke jin ihun gidan kallon unguwa tun ɗan wasan bai ɗaga ƙafa ba a nasa allon.

Waya ta kashe rikicin rimot, amma ta kawo wani abu. Ana iya samun miji da mata da 'ya'ya a falo ɗaya, kowa da allonsa da abin jinsa a kunne, babu mai magana da wani. Gidan kallo jikin maigida yake ɗaukewa, waya kuwa hankalinsa take ɗaukewa tana barin jikin a kujera. Kuma rikicin rimot, duk da hayaniyarsa, yana tilasta wa mutanen gida su yi magana su sasanta.

Salla da azumi

Jadawalin Turai ba a yi shi da lokutan salla a rai ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Najeriya tana gaban Ingila da awa ɗaya, sauran watanni agogonsu ɗaya. Wasan ƙarfe uku na Asabar a Ingila yana faɗowa ƙarfe huɗu a nan lokacin hunturu, daidai da la'asar. Na biyar da rabi kuwa yana cin karo da magariba a farkon kakar wasa da ƙarshenta. Masu kallo da yawa suna amfani da hutun rabin lokaci na minti 15 su yi salla, malamai kuma suna yawan jan kunne kan jinkirta ta saboda wasa. Cikin Ramadan wasannin dare kan haɗu da tarawihi da tafsiri.

'Yan wasa Musulmi sun sauƙaƙa wa iyaye wannan magana. Yaron da ya ga Mohamed Salah ko Sadio Mané yana sujada bayan cin ƙwallo ba ya musu sosai idan aka ce ya tashi ya yi alwala. A Afrilun 2021 an ɗan tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su yi buɗa-baki, labarin ya zaga gidaje da majalisu.

Gado, adawa da yara

Goyon bayan ƙungiya yana bin jini a wasu gidaje, uba ya sayo wa ɗansa rigar Arsenal tun yana rarrafe. A wasu kuma ɗan yana zaɓar abokiyar hamayyar ƙungiyar mahaifinsa da gangan. A al'adar da kunya ke hana ɗan fari sakewa da iyayensa, ƙwallo ya buɗe wata kafa ta raha: yaro yana iya cewa, "Baba, yau ma an ci ku," a yi dariya, ba tare da an ɗauke shi marar tarbiyya ba. Tsakanin taubasai da abokan wasa kuwa tsokanar ta samu sabon fage.

Wasan Super Eagles ne ke haɗa kowa a tabarma ɗaya. Ahmed Musa, wanda ya zama zakaran cin ƙwallaye a gasar ƙasa da rigar Kano Pillars kafin ya tafi Turai, ya ci Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018, kuma a irin waɗannan ranaku har tsofaffin da ba ruwansu da ƙwallo sukan leƙo. Mata ma sun ƙaru a cikin masu kallo tun da wasan ya shigo ɗaki, musamman a ranakun Super Falcons, waɗanda suka ɗauki Kofin Afirka karo na goma a Yulin 2025 bayan sun doke Maroko da ci uku da biyu.

Yara suna da nasu fagen a shagunan wasan PlayStation, inda ake biyan kuɗi a buga wasan da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Malaman makaranta da na Islamiyya sun san alamar daren babban wasa daga gyangyaɗin da ake yi a aji washegari.

Caca da lafiya

Babban haɗarin da waya ta shigo da shi gida shi ne cacar ƙwallo. Da sai an je shago, yanzu kuwa manhaja ce da ake buɗewa a ɓoye, a tura kuɗi daga asusun banki. Lissafinta an gina shi ne yadda kamfani zai ci riba a kan jimillar masu zubawa, kuma duk wasan da aka ƙara a tikiti yana rage yiwuwar ci. Musulunci ya haramta caca, hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunanta, amma rufe shago ba ya kai wa ga wayar da ke ƙarƙashin matashin kai. Alamominta a gida su ne yawan rance, ɓacewar kuɗin cefane, da fushin da ya wuce kima kan wasan ƙungiyar da mutum ba ya ma goyon baya.

Akwai kuma batun zuciya. Tashin hankalin wasa yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, kuma bayan wasan Najeriya da Afirka ta Kudu a Fabrairun 2024, wanda ya kai ga fenareti, an ba da rahoton rasuwar wasu 'yan kallo. Likitoci suna shawartar masu hawan jini da ciwon zuciya su riƙa shan maganinsu a kan kari, su tashi daga gaban allo idan sun ji ƙirji ya ɗaure.

Gidajen da suka zauna lafiya da ƙwallo galibi suna bin ƙa'idoji kaɗan ne da kowa ya sani. Ana duba jadawalin mako tun da wuri a raba dare tsakanin wasa da shirin uwargida. Kuɗin kallo da data suna da iyaka, kuma ba sa taɓa na abinci. Ana ajiye waya lokacin cin abinci da salla, yara kuma ba sa kallon wasan dare idan washegari akwai makaranta, sai dai su ga ƙwallayen da aka ci bayan sun dawo.