Bilyaminu: sunan da ba ya cikin surar, amma yana bakin malamai

Duk wanda ya karance Suratu Yusuf, ayoyinta 111, ba zai ci karo da sunan Bilyaminu ba. An ba da labarinsa, har da yadda aka ɓoye ma'aunin sarki a cikin kayansa, amma da ɗan'uwan Yusuf kawai aka ambace shi. To, ta ina sunan ya shigo gidajen Katsina?

Ta bakin masu tafsiri. Jalalaini, littafin da malamanmu suka fi buɗewa da azumi, ya bayyana cewa wannan ɗan'uwa Binyaminu ne, shaƙiƙin Annabi Yusuf. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ya rubuta ɓangaren littafin da surar take ciki, kuma Katsina ba baƙuwarsa ba ce, don ya taɓa aiko wa sarkinta Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar.

Asalin sunan Ibrananci ne. "Bin" ɗa ne, "yamin" kuma dama, wato ɗan hannun dama. Wasu masana na cewa ɗan kudu ake nufi, saboda mutanen wancan zamani gabas suke fuskanta in za su faɗi kusurwa, sai kudu ya koma damarsu. A ruwayar Attaura, mahaifiyarsa Rahila wurin haihuwarsa ta rasu, bayan ta sa masa sunan da ke nufin ɗan baƙin cikina. Mahaifinsa Annabi Yakubu ne ya sauya shi. Haka ma ake yi a nan, uba ba ya son ɗansa ya tashi da sunan da zai riƙa fama masa ciwo.

Sauran aikin kuwa na harshen Bahaushe ne. Yadda "naƙdan" ta Larabci ta koma "lakadan", haka Binyaminu ya koma Bilyaminu, abokai suka gutsure shi ya zama Bilya.

A makarantar allo ta Ƙofar Soro ko Rafindadi, in ka kira Yusuf kawuna da yawa za su ɗago, Bilya kuwa sai an dace. A ganina dalilin a fili yake: ran suna iyaye sun fi neman albarkar sunan annabi ko sahabi, shi kuwa ƙanen annabi ne. A Amurka labarin daban ne, can Benjamin, wato Bilyaminu a bakinsu, na cikin sunayen maza da aka fi raɗawa, kuma hoton Benjamin Franklin ne a jikin takardar dala 100.