Abin da ke sa faifan ajiya na waje yin nawa bayan sabunta Linux, da hanyoyin gyara

Daga cikin matsalolin da masu amfani da manhajar Linux kan koka a kansu akwai wadda ke biyo bayan sabuntawa. Faifan ajiya na waje da ake jonawa ta kafar USB, wanda a da yake kwafar fayiloli cikin 'yan mintoci, sai ya koma ɗaukar sa'o'i, wani lokaci ma kwamfutar ta sandare har linzami ya daina motsi.

Ga ɗalibin da kundin bincikensa ke kan faifan, ko mai ɗaukar hotunan biki, ko mai tace fim, abin da ke cikin haɗari shi ne aikin watanni. Wasu kan ɗauka faifan ya mutu, su share shi baki ɗaya, wasu kuma su fizge wayar ana tsaka da rubutu. Sau da yawa faifan lafiyarsa lau, gaggawar ce ke jawo asarar.

Inda matsalar ke farawa

Kanel shi ne zuciyar manhajar, shi ke shiga tsakanin shirye-shiryen kwamfuta da na'urorin da aka jona mata. Linus Torvalds ne ya fara rubuta na Linux a ƙasar Finlan a 1991, kuma yanzu ana fitar da sabon zubi kusan kowane mako 9 zuwa 10. Kowane zubi na zuwa da sauye-sauye a direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tuƙa kowace na'ura.

A cikin akwatin mafi yawan faifan waje akwai wata 'yar na'ura da ke aikin tafinta tsakanin faifan da kafar USB. Hanyoyi biyu ake magana da ita. Tsohuwar hanya, wadda direban usb-storage ke bi, tana aika umarni ɗaya, ta jira amsa, sannan ta aika na gaba. Sabuwar hanya mai suna UAS tana aika umarni da yawa a jere, don haka ta fi sauri. Tun daga zubi na 3.15 a 2014 Linux ya fara amfani da ita sosai.

Sai dai wasu daga cikin na'urorin tafintar kan nuna cewa sun iya UAS alhali akwai kurakurai a ƙirarsu. Idan sabon kanel ya sauya yadda yake magana da irinsu, umarni kan maƙale. Kanel yakan jira daƙiƙa 30 kafin ya haƙura ya sake tayar da na'urar, shi ya sa aikin kan tsaya na kusan rabin minti, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Masu ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019 sun sha fama da irin wannan.

Matakin farko: a tabbatar da mai laifi

Kafin a taɓa komai, a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, ko da ta wata kwamfutar ce. Daga nan a koma tsohon kanel don gwaji. Ubuntu da Linux Mint da Debian kan bar zubin baya bayan sabuntawa. Danna Shift ko Esc lokacin kunnawa yana buɗe jerin zaɓin GRUB, inda za a ga tsohon a ƙarƙashin ƙarin zaɓuɓɓuka. Umarnin uname -r yana nuna zubin da ke aiki.

Idan faifan ya dawo da saurinsa a kan tsohon kanel, to sabuntawar ce sila. Idan nawar ta ci gaba, sai a juya ga waya da wuta da lafiyar faifan, domin wata matsalar kan faɗo daidai lokacin sabuntawa ba tare da tana da alaƙa da ita ba.

Mataki na biyu: a karanta rahoton kanel

A tagar rubuta umarni, sudo dmesg -w yana nuna saƙonnin kanel yayin da ake kwafa. Layukan da ke ɗauke da uas_eh_abort_handler, ko masu maimaita kalmar reset, alama ce ta saɓani da na'urar tafinta ko ƙarancin wuta. Shi kuma lsusb -t yana bayyana direban da ke aiki da saurin haɗin. Lambar 5000M na nufin USB 3.0, ita kuwa 480M na nufin an koma USB 2.0, wanda a aikace da wuya ya wuce megabait 40 a daƙiƙa, alhali faifai mai juyawa kan kai kimanin 100.

Idan UAS ce matsalar, ana iya hana ta ga wannan na'ura kaɗai. Umarnin lsusb yana ba da lambobi biyu, ta kamfani da ta na'ura. Ana rubuta usb-storage.quirks= sai lambobin biyu da alamar ruwa biyu a tsakaninsu, a ƙare da :u. Ana saka wannan a layin zaɓuɓɓukan kanel cikin fayil ɗin /etc/default/grub, a gudanar da sudo update-grub, sannan a sake kunna kwamfutar. Saurin kan ɗan ragu, amma tsayawar kan gushe.

Wuta ma tana da nata rabon. Kafar USB 2.0 tana ba da miliyamfa 500, ta USB 3.0 kuma 900. Doguwar waya mara inganci, ko mahaɗa mai kafofi da yawa wadda ba ta da wutar kanta, kan sa faifan ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Gajeruwar waya da aka jona kai tsaye jikin kwamfuta gwaji ne mai arha. Haka nan tsarin tsimin wuta kan sa kafar ta yi barci, ana kuma kashe shi da zaɓin usbcore.autosuspend=-1.

Dalilin sandarewar kwamfuta gaba ɗaya

Linux ba ya rubuta fayil kan faifai nan take. Yakan tara bayanan a ma'adanar RAM, ya riƙa zuba su a hankali. Bisa saitin asali, yana fara zubawa idan tarin ya kai kashi 10 cikin 100 na ma'adanar da ke akwai, yana kuma tsayar da shirye-shirye masu rubutu idan ya kai kashi 20. A kwamfuta mai gigabait 16, tarin zai iya kai wa kusan gigabait 3. Faifan da ke karɓar megabait 30 a daƙiƙa zai buƙaci fiye da minti ɗaya da rabi kafin ya haɗiye shi, a lokacin kuma sauran ayyuka kan jira.

Wannan tsohuwar matsala ce da masu haɓaka kanel suka tattauna tun 2013, amma tana fitowa fili a duk lokacin da wani abu ya rage saurin faifan. Maganinta shi ne rage tarin ta hanyar saitin vm.dirty_bytes zuwa 'yan gomman megabait. Ita ce kuma ke sa allo ya nuna an gama kwafa alhali rubutu na ci gaba. Umarnin sync yana jira har komai ya sauka, kuma sai ya kammala ake cire waya.

Tsarin fayil da lafiyar faifai

Yawancin faifan waje na zuwa da tsarin NTFS ko exFAT. Direban exFAT na kamfanin Samsung ya shiga zubi na 5.7 a 2020, yayin da ntfs3 na kamfanin Paragon ya shiga 5.15 a 2021. Sabuntawa na iya mayar da kwamfuta daga tsohon ntfs-3g zuwa ntfs3, wanda kan ƙi buɗe faifan da ba a rufe shi daidai ba. A inda ɗauke wutar lantarki ya zama ruwan dare, kamar sassa da dama na Nijeriya, hakan na iya faruwa ga duk wanda wuta ta ɗauke masa yana tsaka da kwafa. Gyaran shi ne a duba faifan da chkdsk a kwamfuta mai Windows.

Akwai kuma faifai masu fasahar SMR, waɗanda saurinsu kan faɗi idan aka daɗe ana rubuta manyan fayiloli, ko da wane kanel ake amfani. Manhajar smartctl tana karanta rahoton lafiyar faifai. Idan adadin sassan da suka lalace yana ƙaruwa, ko ana jin ƙarar ƙwas-ƙwas daga ciki, a daina gwaje-gwaje, a ceto bayanai tun da sauran dama.

Abin lura

A riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji, domin a san wanda ya yi aiki. Zama a kan tsohon kanel mafita ce ta wucin gadi, tunda gyare-gyaren tsaro na zuwa ne da sababbin zubi. Kai rahoto ga masu kula da manhajar, tare da lambobin na'urar da saƙonnin dmesg, shi ke sa a saka ta cikin jerin na'urorin da kanel ke yi wa kulawa ta musamman.

A Disamba 2023 masu kula da Debian sun dakatar da fitar da zubi na 12.3 bayan an gano kuskure a kanel 6.1.64 da ke iya lalata bayanai a tsarin ext4. An gyara shi cikin 'yan kwanaki, amma wanda fayilolinsa suka riga suka lalace, kwafi na biyu ne kaɗai zai iya dawo masa da su.