Sammako a Ƙofar Manyan Jami'o'i

Tun da wayar hannu ta shiga zaurukan Tchamba a Togo, ta kai har unguwar Didawure ta Sokode da zangon Dapaong, wata magana ta yawaita a bakin samarinmu da ke ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, wai duk wanda ya riga jama'a miƙa takardunsa ga manyan jami'o'in Amurka ya ninka rabonsa sau uku. Kuma da yake maganar tana tafe da alƙaluma, iyaye da dama, jikokin fataken da suka ƙware a lissafin goro a hanyar Gwanja, sun karɓe ta hannu bibbiyu ba su tambayi yadda aka yi lissafin ba.

Galibin jami'o'in nan sukan buɗe ƙofa sau biyu a shekara. Ta fari ana rufe ta wajen 1 ga Nuwamba, amsa ta fito a tsakiyar Disamba; ta biyu, wadda akasarin mutane ke bi, ana rufe ta a farkon Janairu, a yi ta jira har ƙarshen Maris. Ita ma ƙofar farin iri biyu ce. Akwai wadda ba ta ɗaure mutum, irin ta Harvard da Yale da Princeton, illa dai an sharɗanta masa kada ya yi sammako a wata jami'a mai zaman kanta. Akwai kuma mai ɗauri, irin ta Columbia da Brown da Cornell, inda ɗalibi da mahaifinsa da malaminsa za su rattaba hannu a kan cewa, muddin aka karɓe shi, zai janye duk neman da ya yi a wasu wurare.

Alƙaluman kuwa ba ƙarya ba ne. A watan Disamba na 2023 Harvard ta karɓi mutum 692 daga cikin 7,921 da suka yi sammako, kusan tara ke nan cikin ɗari, alhali waɗanda suka jira ƙofa ta biyu ba a ɗauki ko uku cikin ɗarinsu ba. Amma wanda ya dubi wannan ya ce, "Ashe ni ma in na yi sammako rabona tara ne cikin ɗari," ya yi abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, domin taron farko ba irin na biyu ba ne. A cikinsa ne ake samun 'yan wasan da masu horar da su suka riga suka zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, da yaran makarantun masu hali waɗanda aka yi shekaru ana gyara musu takardu. Waɗannan da an karɓe su ko ta wace ƙofa suka shigo, su ne kuma suke ɗaga adadin. Kana sammako, wani a tafe ya kwana.

Ban ce sammakon ba shi da fa'ida sam ba. Wasu malamai uku, Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, sun bi takardun dubban masu nema, suka wallafa a 2003 cewa idan aka gwada ɗalibai biyu masu daraja ɗaya, wanda ya riga yana da fifikon da ya kai kimanin maki 100 na jarrabawar SAT, wadda cikarta 1,600 ne. Ita kanta Harvard ta ba da sanarwar rufe ƙofar sammako a 2006, bisa hujjar cewa tana fifita masu hali a kan talakawa, sannan ta sake buɗe ta a 2011 ganin akasarin tsararrakinta ba su bi ta ba. Fifiko ne na haƙiƙa, amma mai raba gardama ne tsakanin waɗanda suka yi kunnen doki. Ba ya mai da takarda mai rauni ta zama ƙaƙƙarfa.

To, ina yaron Tchamba yake a ranar 1 ga Nuwamba? Makonni kaɗan ke nan da komawa makaranta, bak na biyu kuma, wato jarrabawar kammala lise, yana can gaba, sai damina. Abin da ke hannunsa shi ne sakamakon bak na farko, kuma a ganina wannan ni'ima ce da 'yan Togo ba su cika lura da ita ba, domin shaida ce ta jarrabawar ƙasa wadda ɗaliban ƙasashe da yawa ba su da irinta a wannan lokaci. Sauran kuwa wahala ce zalla: ya hau kabukabu zuwa Sokode ya nemi inda za a ɗauki hoton takardun makinsa, ya sami mai juya su daga Faransanci zuwa Ingilishi, ya yi ta sintiri a ƙofar shugaban lise yana roƙon wasiƙar shaida daga mutumin da la'alla bai taɓa rubuta irinta ba, sannan ya nufi Lome, tafiyar fiye da kilomita 300, ko fiye da 600 ga ɗan Dapaong, domin jarrabawar Ingilishi. Wanda ya kammala wannan duka da kyau kafin ƙarshen Oktoba, ya yi istihara ya miƙa. Wanda Ingilishinsa bai nuna ba tukuna, wata biyun da ke tsakanin ƙofofin sun fi masa amfani nesa ba kusa ba, musamman da yake wanda aka ƙi a Disamba ba ya sake neman wannan jami'a sai baɗi.

Sai maganar kuɗi, wadda yara ke tsallakewa, iyaye kuma su ji kunyar tayar da ita. Karatu da masauki da abinci a irin waɗannan wurare sun haura dala 80,000 a shekara, wato sama da sefa miliyan 40. 'Yan ƙalilan, kamar Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, ba sa duba aljihun baƙo kafin su yanke hukunci. Sauran suna dubawa, kuma neman cikakken tallafi yana rage rabo ko da an yi sammako. Wanda ya shiga ƙofa mai ɗauri ya sarayar da haƙƙinsa na jera tayin jami'o'i ya zaɓi mafi sauƙi. Gaskiya ne an yi rangwame ga wanda tallafin bai ishe shi ba ya nemi a kwance shi, amma uban da zai sa hannu a takardar alkawari wajibi ne a karanta masa ita da harshen da yake ji tukuna.

Bayan duk wannan, karɓar jami'a daban, biza daban. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Togo cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai, don haka wajibi ne a tambayi ofishin jakadancinta na Lome halin da ake ciki kafin a kashe ko sisi. Kada kuma ɗokin Nuwamba ya mantar da mutum cewa Oxford da Cambridge suna rufewa tun 15 ga Oktoba, ba a kuma neman duka biyun a shekara guda. Haka ma takardun shiga shekarar farko a jami'o'in Faransa, inda zaɓi uku kaɗai ake ba mutum, sukan rufe a tsakiyar Disamba. Ita kuwa Jami'ar Kara, wadda ta fara aiki a 2004, da ta Lome, ba za su tambaye shi komai ba sai bak na biyu, wanda yawan zirga-zirgar takardun waje ke iya sa ya faɗi.